Tambaya da Amsa: Neman Lu'ulu'u a Ƙarƙashin Ƙanƙarar Arewacin Kanada

Wasiƙun wannan fitowa sun taru ne a kan yankin Lac de Gras, wani jeji mai tafkuna barkatai da ke kimanin kilomita 300 arewa maso gabas da garin Yellowknife a ƙasar Kanada. Babu itatuwa a wurin, babu kwalta, sanyin hunturu kan kai digiri 40 ƙasa da sifili, amma daga can ake fitar da lu'ulu'u tun shekarar 1998.

Tambaya: Ni ɗaliba ce mai karatun ilimin duwatsu. An koya mana cewa zafi da matsi ne ke samar da lu'ulu'u. To yaya aka yi ake samunsa a ƙasar da ƙanƙara ta rufe?

Amsa: Malama, sanyin da ke saman ƙasa bai da hannu a lamarin. Lu'ulu'u sinadarin kabon ne, irin wanda ke cikin gawayi, kuma yana haɗuwa ne a zurfin da ya wuce kilomita 150, inda zafi ke tsakanin digiri 900 zuwa 1,300. Sharaɗin da ɗalibai kan manta shi ne, wurin yana buƙatar matsi mai tsanani tare da zafin da bai wuce kima ba. Idan zafi ya yi yawa a kan matsin, girafait ake samu, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir. Inda sharuɗɗan biyu suka fi haɗuwa shi ne ƙarƙashin tsofaffin gindayen nahiyoyi, waɗanda masana ke kira kiraton. Saiwarsu ta nutsa ƙasa fiye da kilomita 200, kuma ta daɗe da hucewa.

Lac de Gras na zaune a tsakiyar irin wannan gindi, wanda ake kira Slave. Yawancin duwatsunsa sun haura shekara biliyan 2.5, kuma a gefensa na yamma ne aka samo dutsen Acasta mai shekara kusan biliyan 4, ɗaya daga cikin mafi tsufa da aka taɓa aunawa a duniya.

Abin da ke kawo lu'ulu'u sama wani narkakken dutse ne mai cike da iskar gas, kimbalait, wanda ya samo sunansa daga garin Kimberley na Afirka ta Kudu. Yakan taso daga can ƙasa da gudu, ya ɓaro gutsattsarin duwatsun da ya ratsa, ya fashe a sama, ya bar rami mai faɗin baki da tsukakken gindi kamar mazurari. Shi ake kira bututu. Kimbalait ɗan dako ne kawai. Bututun Lac de Gras da ake haƙa shekarunsu na kewayen miliyan 50 zuwa 60, alhali wasu lu'ulu'un da ke cikinsu sun haura shekara biliyan 3. Da a hankali ya taso, da kayan da ya ɗauko sun rikiɗe sun koma girafait tun a hanya.

Tambaya: Na ji an ce bututun duk a ƙarƙashin tafkuna suke, ba a ganinsu. Ta yaya aka gano su a cikin wannan makeken jeji?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace daɗin amsawa, don a nan gwanintar aikin take. Mai neman lu'ulu'u ba ya fita neman lu'ulu'u kai tsaye, domin ko a ma'adana mai albarka, karat ɗaya a ton ɗaya na dutse abin murna ne. Karat giram 0.2 ne, ka ga ke nan kashi ɗaya cikin miliyan biyar. Abokan tafiyarsa ake nema, waɗanda suka ninka shi yawa sau dubbai: ganet mai launin ja da ya karkata zuwa shunayya, dayofsaid mai kore shar, da baƙaƙen ƙwayoyin ilmanait da kuromait.

Kimbalait dutse ne mai taushi. Lokacin da ƙanƙara mai kaurin fiye da kilomita ɗaya ta lulluɓe yankin tana jan ciki a hankali, sai ta kankare bakin bututun fiye da ƙaƙƙarfan dutsen da ke kewaye da shi. Da ta narke, kimanin shekara 10,000 da suka wuce, ruwa ya cika ramukan suka zama tafkuna. Abin da ta kankare kuma ta watsa shi a kan hanyarta, kamar buhun da ya huje a bayan mai tafiya. Kusa da hujin zubar ta fi yawa kuma siririya ce, can nesa ta bazu ta yi ƙaranci. Aikin mai bincike shi ne ya bi wannan zuba da baya-baya har inda ta yanke.

Ga yadda ake yi. Jirgi mai saukar ungulu kan ajiye mutum biyu da shebur da bokiti da buhuna. Su nemi wurin da daskarewa da narkewa suka tunkuɗo laka daga ƙasa ta yi da'ira, domin ita ce ainihin abin da ƙanƙara ta ajiye, ruwa bai sake kwashe ta ba. Su ɗebi kilo 10 zuwa 20, su rubuta lamba a jikin buhun, su jefa wata lambar a ciki, su ɗauki ma'aunin wurin. A zagayen farko tsakanin samfuri da samfuri kan kai kilomita da yawa. Inda aka ga alama sai a dawo a matse tazarar zuwa 'yan ɗaruruwan mita, a jera layukan a gicciye da hanyar da ƙanƙara ta bi. Hanyar kuwa a jikin duwatsu ake karanta ta, don ƙanƙarar ta bar ƙarzuna a kansu.

A ɗakin gwaji ana wanke lakar, a tankaɗe da rariya, a riƙe ƙwayoyin da ke tsakanin milimita 0.25 zuwa 2. Sai a zuba su cikin wani ruwan sinadari mai nauyi, wanda ya ninka ruwan sha sau 3.2 ko kusa da haka. Yashin gama-gari nauyinsa 2.65 ne, sai ya taso. Ganet da ilmanait da kuromait su nutse. Daga buhu guda abin da ke saura bai fi 'yan cokula ba. Wannan ne mutum zai zauna da shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, da ɗan hantsaki a hannu, yana ture ƙwaya ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci a wuni guda ƙwayar ganet biyu kacal zai tsinta, kowace ba ta kai ƙwayar gishiri girma ba.

Siffar ƙwayar ma tana magana. Ganet ɗin da bai yi tafiya mai nisa ba yakan zo da wani ɓawo mai duhu a jikinsa, wanda gogayya ke cirewa a hanya. Dayofsaid kuma saurin farfashewa gare shi, saboda haka yawaitarsa alama ce ta an kusa.

Kurakuran da ke ɓatar da mutane sanannu ne. Ƙanƙarar ba hanya ɗaya ta bi ba, ta sauya alƙibla fiye da sau ɗaya, wanda ya karanta ƙarzunan ƙarshe kaɗai zai iya bin sawu zuwa inda babu komai. Akwai kuma dogayen tuddan yashi da kogunan ƙarƙashin ƙanƙara suka bari. Suna da kyau wajen zagayen farko don sun tattaro kaya daga wuri mai faɗi, amma ba sa nuna takamaiman wuri, domin ruwa ya kai ƙwayoyin nesa ƙwarai. Na uku kuma shi ne ƙazantar kayan aiki. Rariyar da ba a goge da kyau ba takan riƙe ƙwaya biyu daga samfurin jiya ta zuba su a na yau, kamfani ya kashe kuɗin jirgi na damina guda yana bin abin da babu shi.

Da wannan hanya ce masana duwatsu Charles Fipke da Stewart Blusson suka shafe kusan shekara goma suna bin ƙwayoyi daga wajen kwarin kogin Mackenzie, suna nausawa gabas ɗaruruwan kilomita. A 1991 aka huda ƙarƙashin wani ɗan tafki mai suna Point Lake, aka sami ƙananan lu'ulu'u 81 a cikin kilo 59 na dutse. Labarin na fita kamfanoni suka yi ca a kan yankin suna kafa turakun mallakar fili.

Tambaya: Ke nan duk inda aka ga jan ganet akwai lu'ulu'u a kusa?

Amsa: A'a, Malam. Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, amma ganet iri-iri ne, kuma duwatsu da yawa da ba su haɗa komai da kimbalait ba suna ɗauke da shi. Launi ba ya yanke hukunci. Sai an manna ƙwayar, an goge ta, an auna sinadaranta da na'ura. Wanda ake so shi ne mai yawan kuromiyam da ƙarancin kalsiyam, ana kiransa G10. Masanin Afirka ta Kudu John Gurney ne ya nuna cewa irin wannan ganet daga zurfin da lu'ulu'u ke zama yake fitowa. Ko shi ɗin ma, abin da yake faɗa shi ne bututun ya ratsa gidan lu'ulu'u. Bai faɗi nawa ya ɗauko ba.

Tambaya: Ina aikin haƙar rijiyar burtsatse. Ina so in san yadda ake huda dutse a ƙasar da ta daskare, da matsalolin da masu injin ke fuskanta.

Amsa: Maigida, kafin a kawo injin sai an san inda za a kafa shi, don zubar ƙwayoyi takan ƙare ne a bakin tafkuna da dama. Jirgi kan yi shawagi ƙasa-ƙasa yana jan na'urar auna maganaɗisu da ta auna yadda ƙasa ke ɗaukar lantarki. Bututu kan fito a taswira kamar ɗigo zagayayye, wani ya fi kewayensa maganaɗisu, wani ya gaza shi. Bututun wannan yanki ƙanana ne, da yawansu faɗinsu bai wuce mita 100 zuwa 200 ba. Idan aka bar mita 200 tsakanin layin shawagi da layi, bututu sukutum zai iya faɗawa tsakani, shi ya sa ake matse layukan zuwa mita 50 ko 100. Lakar gindin tafki ma tana ɗaukar lantarki, tana kwaikwayon kimbalait, kuma an huda ramuka da yawa a banza saboda ita. Sannan yankin na kusa da ƙuryar maganaɗisun duniya, guguwar rana na hargitsa awo, don haka akan kafa na'ura ɗaya a ƙasa tana lura, duk awon da aka ɗauka lokacin hargitsi a sake shi.

Injin da ake amfani da shi ya bambanta da naka ta fuska ɗaya: ba niƙe dutsen yake ba. Bakinsa zobe ne da aka dasa wa ƙananan lu'ulu'un masana'anta, yana yanko dutsen kamar sanda, a zaro shi a jera cikin akwatuna bisa zurfi. Girman da aka fi amfani da shi ana kiransa NQ, kaurin sandar milimita 47.6, sai HQ mai milimita 63.5. Lokacin hunturu akan kafa injin a kan ƙanƙarar tafki, bayan an yi ta kwarara mata ruwa tana daskarewa har ta yi kaurin ɗaukarsa. Lokacin bazara kuma daga gaɓa ake hudawa a karkace, digiri 45 zuwa 60, wanda ke da amfanin nuna inda bangon bututu ya fara da inda ya ƙare.

Babbar matsala daskarewa ce. Nesa da manyan tafkuna ƙasar a daskare take har zurfin ɗaruruwan mita, rani da damina. Ruwan da ake turawa don sanyaya bakin injin da fitar da gari, muddin yana zagayawa lafiya lau. Famfo na tsayawa sai ya fara daskarewa a ramin, ya riƙe sandunan ƙarfen gam, a yi asarar su da ramin gaba ɗaya. Maganin shi ne a dumama ruwan, ko a narka gishirin kalsiyam kuloraid a cikinsa don ya jure sanyi, a kuma ajiye famfo na biyu a shirye. Idan dole a tsaya, a zaro sandunan tukuna. Ruwan gishirin nan ba a barinsa ya malala cikin tafki, akan tare shi a kai wurin da hukuma ta amince.

Matsala ta biyu daga kimbalait ɗin kansa take. Wani yana ɗauke da yumɓu mai kumbura idan ya sha ruwa, sai ramin ya tsuke ko ya rufta, sandar dutsen ta fito a marmashe. Dole a auna tsawon abin da ya fito a kwatanta da zurfin da aka shiga. Idan an shiga mita uku aka samu biyu, duk lissafin da za a ɗora a kan wannan sashe yana da rauni, kuma wajibi ne a rubuta hakan a rahoto.

Tambaya: Tunda an ga lu'ulu'u 81 a ramin farko, me ya sa sai 1998 aka fara haƙa?

Amsa: Hajiya, ba girin-girin ba, ta yi mai. Waɗannan 81 ɗin yawancinsu ƙanana ne da ba su da kasuwa. Ana samun irinsu ne ta narkar da dutsen a cikin soda mai zafi, komai ya narke ya bar lu'ulu'u. Amfaninsu shi ne a jera su bisa girma a ga ko adadin na raguwa a hankali zuwa manya. Idan ya yanke tun a ƙanana, bututun ba shi da manya.

Wanda ya tsallake wannan mataki sai a ɗebi ton goma-goma zuwa ɗaruruwa daga cikinsa, don a san karat nawa ke cikin ton. Daga nan a ɗebi dubban ton, domin masu sa farashi na son ganin karat 2,000 zuwa sama kafin su yarda da matsakaicin farashi. Dalili kuwa, 'yan manyan duwatsu kaɗan ne ke ɗauke da kaso mai tsoka na darajar ma'adana, ƙaramin samfuri zai iya rasa su gaba ɗaya, ko ya yi dace da guda ɗaya ya ruɗi kowa. Injin ɗiba mai faɗin baki kuma yana fasa wasu lu'ulu'un, wanda ke rage farashin da aka ƙiyasta.

A filin Ekati, ma'adanar da aka buɗe a 1998, an gano bututu fiye da 150, waɗanda aka haƙa kuwa 'yan tsiraru ne, kuma ramin farko a bututun Panda aka buɗe shi. Ma'adanar Diavik, wadda ta fara aiki a 2003, bututunta ƙanana ne amma wasu sun haura karat 3 a ton, abin da ya sa aka iya ɗaukar nauyin gina madatsu a cikin tafkin Lac de Gras, aka zuƙe ruwan, aka yi haƙa a gindinsa. A nan aka tono wani rawayan lu'ulu'u mai karat 552 a 2018. Ma'adanar Snap Lake darasi ce ta wani gefen. Kimbalait ɗinta shimfiɗa ce mai kaurin 'yan mita da ta gangara ƙarƙashin tafki. An buɗe ta a 2008, ruwa ya yi ta tsattsafowa ta tsagogin dutse, kuɗin zuƙe shi da tace shi ya haɗu da faɗuwar farashi, aka dakatar da aiki a ƙarshen 2015. A ganinmu duk mai nazarin ma'adana ya kamata ya ba awon ruwan ƙarƙashin ƙasa muhimmancin da yake ba awon karat, tun daga ramukan farko.

Tambaya: In babu kwalta, ta ina man dizal da manyan injuna ke isa wurin?

Amsa: Ta kan ƙanƙara, ɗan'uwa. Kowace shekara akan shimfiɗa hanyar hunturu daga tafkin Tibbitt, gabas da Yellowknife, mai tsawon kusan kilomita 400 zuwa ma'adanan, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari nata a kan daskararrun tafkuna take. Wata biyu kacal take aiki, Fabrairu da Maris. Ana share dusar da ke sama don sanyi ya ratsa, a riƙa auna kauri da na'urar rada. A kimanin santimita 70 ake barin motoci masu ƙaramin kaya, cikakken lodi kuwa sai kauri ya kai mita ɗaya ko ya ɗara.

Tirela mai kaya ba ta wuce kilomita 25 a awa, kuma akwai tazarar rabin kilomita tsakanin mota da mota. Nauyin motar na lotsa ƙanƙara, ya tura igiyar ruwa a ƙarƙashinta. Idan direba ya yi gudu, igiyar ta bugi gaɓa ta dawo, sai ta fasa ƙanƙarar daga ƙasa, shi ya sa ake ƙara rage gudu wajen hawa tudu. Ba a fafe gora ranar tafiya: man shekara guda, siminti, tayoyi da sinadarin fasa dutse duk sai sun shiga cikin waɗannan makonni. A 2006 hunturu ya zo da ɗumi, hanyar ta rufe da wuri, dole aka yi jigilar sauran kayan ta jirgin sama da tsada mai yawa.

Tambaya: An ce kafin lu'ulu'u zinariya aka sani da Yellowknife, kuma ta bar guba a ƙasa. Mene ne gaskiyar maganar?

Amsa: Gaskiya ne, Malam. Garin na kan wani zirin tsofaffin duwatsun aman wuta masu shekara kusan biliyan 2.7, kuma zinariyar na cikin tsagogin da suka ratsa su. Ma'adanar Con ta fara a 1938, Giant kuma ta yi aiki daga 1948 zuwa 2004, ta fitar da oza fiye da miliyan 7. Matsalar Giant ita ce zinariyarta a kulle take cikin wani ma'adini mai ɗauke da sinadarin asenik. Niƙa da wanki ba sa fito da ita, sai an gasa garin dutsen da wuta mai zafi. Gashin na sakin asenik a matsayin hayaƙi, wanda ke zama farar ƙura mai kisa idan ya huce. A shekarun farko ta bututun hayaƙi take fita ta sauka a kan ƙasa da ruwan da 'yan ƙabilar Dene na Yellowknife ke sha, kuma ta cutar da su. Daga baya aka fara tare ta ana hura ta cikin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, bisa zaton daskararriyar ƙasa za ta riƙe ta. Haƙar da kanta ta narkar da wannan daskarewa.

Yau ton 237,000 na ƙurar ke kwance a can, kusa da babban tafkin Great Slave, kuma tana narkewa a ruwa. Kamfanin da ke riƙe da ma'adanar ya karye a 1999, nauyin ya koma kan gwamnatin Kanada, wadda ta ƙiyasta kuɗin gyaran a kan fiye da dalar Kanada biliyan 4. Dabarar da aka zaɓa ita ce a daskarar da dutsen da ke kewaye da ɗakunan. Ana kafa dogayen bututun ƙarfe masu ɗauke da iskar kabon dayoksaid a matse: a ƙasa ta ɗauki ɗumin dutse ta zama tururi ta hau, a sama sanyin hunturu ya mayar da ita ruwa ta gangaro, haka take ta zagayawa ba tare da inji ba. Ana kuma ci gaba da zuƙe ruwan ramin ana tace shi don kada ya tashi ya kai ga ɗakunan, aikin da ba a sa masa ranar gamawa ba.